Baba da Ƙarafan Bayan Amfilifaya

Shekarar da cocinmu na Kafanchan ya sayi amfilifaya, saura ƙiris in daina waƙa gaba ɗaya. Muryata mai kauri ce tun ina yarinya, kuma ni ke jan baiti a Zumuntar Mata. To, da aka kawo na'urar, aka jona ta da batirin mota, aka miƙo mini makirfo, sai masifa ta fara. Duk lokacin da na sauke murya ƙasa, sai a ji wani zzzz kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Sauran mata masu siririyar murya kuwa, tasu na fita tas.

Lahadi uku ana haka. A ta huɗu shugabar zumunta ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, muryarki ba ta injin ba ce. Ki koma layin baya, ki riƙa kaɗa tulu." Wallahi na ji zafi! Ga babban taron mata a Manchok saura mako biyu, ni na koya musu waƙar da za a rera, amma wai in tsaya a baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na yarda laifina ne. Ko ina surfe a gida sai na kama bakina.

Surukina, mahaifin maigidana, wanda muke kira Baba, shi ya lura. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa shi ne bin ƙafafun tarago yana ƙwanƙwasa su da guduma, ya saurara, ya gane wadda ta tsage. Mutum ne mara yawan magana, ni kuma ina jin nauyinsa.

Ranar Asabar da rana ya ce, "Ɗauko mayafinki, mu je coci."

Dattijon da ke riƙe da makulli ya kunna mana na'urar. Baba bai ko kalli lasifika ba. Ya juya akwatin amfilifayar, ya tsuguna a bayansa, inda wasu siraran fararen ƙarafa suke jere kamar haƙoran mataji. Ya ɗalle su da farce ɗaya bayan ɗaya, kunnensa dab da su.

"Yi waƙar," in ji shi. "Wurin nan da take yin ƙara."

Waƙa a gaban suruki, ni kaɗai? Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dai rufe ido na fara. Zzzz ɗin ya taso, sai kuma ɗif, ya ɗauke. Na buɗe ido, na ga yatsan Baba a kan ƙarfe guda. Ya ɗaga, ƙarar ta dawo. Ya mayar, ta tafi.

"Ƙarfen nan ne ke rawa," ya ce. "Muryarki ce kawai ke da nauyin da zai motsa shi."

Dattijo ya yi wuf ya ce bari a naɗe ƙarafan da tsumma. Baba ya harare shi. "Kana so ka dafa ta? Ta nan take fitar da zafi. Taɓa ka ji." Dattijo ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

Baba ya zaro guntun tsohuwar robar tiyon birki daga aljihu, irin mai jure zafi. Ya yanka ta ƙanana da aska, ya cusa a tsakanin bakin ƙarafan, can gefe, yadda iska za ta riƙa wucewa. Ya ɗalla, ya saurara, ya matsar da ɗaya kaɗan. Kai, ban taɓa ganin haƙuri irin na tsohon nan ba! Ya fi awa guda a tsugune, ni kuma ina maimaita baiti ɗaya har maƙogwarona ya bushe.

Washegari bayan sujada, mata sun jeru za su gwada waƙar taron, ina tsaye da tuluna a baya, Baba ya taso daga bencin maza. Mutumin da bai taɓa sa baki a harkar mata ba ya ɗauki makirfo da hannunsa, ya ratsa layi uku, ya tsaya a gabana.

"Ajiye tulun nan," ya ce. "Ban kawo ki gidana don ki yi shiru ba."