Mai Awo da Rijiyar Inna

A gidansu Mai Awo suke ce mata, kuma ba don yabo ba. Tun tana ƙarama, in ruwa ya sauko yara na tsalle a tsakar gida, ita tana tsugune tana kallon inda yake ɓacewa. Ta girma, ta yi karatu, ta samu aiki a ofishin kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ƙannenta kan ce gwamnati ta ɗauke ta aikin kallon kwata.

Aikin nata kintace ne. Ruwan saman da ya zuba a unguwa, wani rana ta shanye, wani ya bi kwata ya yi gaba, ragowar da ta nutse a ƙasa ita take lissafawa. Wannan ragowar ce ke surka abin da ke tsatsowa daga ramukan sokawe na banɗakuna, wani gishiri da ake kira naitret, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. In ruwan da ke nutsewa ya yi kaɗan, gishirin sai ya taru ya gangara rijiyoyin mutane.

Da aiki ya kai ta unguwar da ta tashi, taswirar ofis cike take da filaye da lambuna. Ta taka da ƙafarta, ta tarar an yanka su duk an yi gidaje, kowane gida da sokawensa, kowace tsakar gida an shafe ta da siminti har jikin bango, don ba mai son caɓi. Ta tsaya a inuwar wani shago ta sake lissafin. Ruwan da ke shiga ƙasa bai kai rabin abin da ofis ke zato ba. A gidansu kuwa akwai rijiya, akwai kuma jaririn ƙaninta da ake dama wa madarar gwangwani saboda nonon uwarsa bai kawo ba.

Da ta isa gidan, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta zura guga a rijiyar, ta tsoma 'yar takardar gwaji a ruwan. Nan take takardar ta rine ta yi ja jawur.

Inna, mahaifiyarsu, ta fito daga kicin tana goge hannu. Mace ce da ba ta haɗa tsabta da komai ba, har tsintsiya wanke ta take yi.

"Lafiya kika faɗo mana kamar an koro ki?"

"Inna, da wane ruwa ake dama wa yaron nan madara?"

"Da wane fa? Na rijiyar da kika sha kika zama mutum. Dube shi, garau kamar hawaye."

"Ba a ganinsa da ido, Inna."

"To ai shi ya sa nake tafasa shi. Ni da hannuna, ba na bar wa kowa. Sai tukunya ta ƙone ta koma rabi nake saukewa. Wace cuta ce za ta rayu a ciki?"

Wuta na kashe ƙwayar cuta, amma gishiri ba ya bin tururi. Duk ruwan da ya ƙone, nasa kason gishirin a tukunya yake bari.

Mai Awo ta bankaɗa labulen ɗakin mai jego. Yaron na kwance lamo, numfashinsa sama-sama. Ta kai shi bakin taga. Leɓɓansa sun yi toka-toka da shuɗi, haka ma faratansa.

"Tun yaushe ya koma haka?"

Matar ƙanin nata ta dubi ƙasa. "Anti, na faɗa, aka ce launinsa ne ke fitowa."

"Baƙi zai yi irin kakansa," in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Jininsa ne ya kasa ɗaukar iska. Ku taso mu tafi!"

A asibiti aka karɓe shi aka shige, aka bar su a kan benci. Inna, da ba ta zama a wuri sai ta kakkaɓe, ta zube kawai. Sai can wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce an yi masa allura, launin leɓen ya fara komowa daidai, su gode wa Allah da ba su ƙara jinkiri ba. Mai jego ta fashe da kuka.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta kamo hannun 'yarta ta riƙe gam.

"Ke ce mai awo. Faɗa mini tsakani da Allah. Da ban tafasa ba, da bai kai haka ba?"

Mai Awo ta san amsar. A wurin aiki an sha matsa mata ta sassauta sakamako, ba ta taɓa yarda ba. Ta dubi hannun da ke riƙe da ita, duk tabon ƙunar tukunya, tausayi ya kama ta.

"Duk ɗaya ne, Inna," ta ce.

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta saki hannun a hankali.

"Tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba."