Ranar da na hau motar Yamai na sauko

Shekarun baya da dama, lokacin ina da ƙuruciya da yawan ji da kai, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Kurfai, arewa da Filinge. Ban daɗe da gama makarantar horon malamai ba. A Yamai aka haife ni, can na tashi, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa kwana a garin da babu lantarki ba. Na tafi da akwati ɗaya da takalma masu tsini ƙafa biyu, waɗanda har yau ban san inda na yi tunanin zan taka su ba a cikin yashin nan.

Lakwal ɗin, wato makarantar, aji uku ne da ita, biyu na bulo, ɗaya na kara, kuma na karan shi ne nawa. Sai da aka gama girbi iyayen yara suka samu karan gero suka kafa mana shi. 'Yan shekarar farko aka ba ni, ƙanana waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin ajin nan. Rana tana ratsowa ta tsakanin kara tana zuba a fuskokin yara ɗigo-ɗigo, kurciya na kuka a kan gawo, can nesa kuma jajayen duwatsu suna rawa cikin zafi kamar za su tashi sama. Wurin yana da kyau. Ni ce dai ban ga kyan ba a lokacin.

Abin da nake gani kawai shi ne ban iya aikin ba. In shirya darasi tsaf, in shiga in yi ta zuba faransanci, yara su zuba mini ido kamar ina karanta musu labarun rediyo. In na daka tsawa su yi tsit, in na juya wajen allo hayaniya ta dawo. Da la'asar in hau wani tudu a bayan gari, inda waya ke kama rezo, wato layi, in kira mahaifiyata in yi ta kuka. Ita kuma maganarta ɗaya ce kullum: "Ki ƙara haƙuri, baƙunta ce."

Daraktarmu, shugabar makarantar, dattijuwa ce, siririya, mai tafiya a hankali, 'yar ƙasar ce kuma. Ita aka ɗora wa kula da ni tunda ni sabuwa ce. Kowace Laraba takan shigo ajina ta zauna a baya, a kan tabarma tare da yara, tana ɗan rubutu a wani ƙaramin kaye, wato littafin rubutu. Bayan an tashi sai ta gaya mini abu ɗaya da na yi daidai da abu ɗaya da zan gyara. Ni kuwa na gyaran kaɗai ke shiga kunnena. Na riga na yanke a raina cewa laifuffukana take tarawa ta kai wa sufeto.

Wata rana, wajen wata biyu da zuwana, wata 'yar yarinya ta yi fitsari a zaune a tsakiyar darasi. Da na tambaye ta me ya sa ba ta ce za ta fita ba, sai ta sunkuyar da kai. Ta kusa da ita ce ta ce, "Tsoro take ji, Madam." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ce ashe abin da na zama ke nan, matar da yara ke tsoro. Ban gaya wa kowa ba, na haɗa kayana.

Ranar kasuwar Filinge mota kan biyo ta ƙauyen da safe. Na ja akwatina ta bayan gidaje, ina jin kaina kamar gwanar ɓoye sirri. Ina leƙawa cikin motar sai ga darakta a zaune, da kwandonta a cinya. Ta dubi akwatin, ta dube ni, sannan ta matsa.

"Zamna nan, ɗiyata. Ni ma Filinge za ni."

Na zauna. Na jira faɗa, ko wa'azi, ko roƙo. Ba ta yi ko ɗaya ba. Motar na ta lilo da mu cikin yashi, muna wuce rumbunan da aka cika da sabon hatsi, da goriba jefi-jefi, da shanu suna gangarawa rijiya. Sai da muka yi nisa ta ciro ƙaramin kayen nan.

"Tunda tahiya za ki yi, ni zan riƙe ajin kahin a aiko wata. Gaya mini yadda kika bar su, kar in shiga da ka."

Na ce, "Madam, ban bar komai ba. Ba su iya komai ba."

"To gaya mini su ɗin. Wa ke zamna gaba?"

Na fara da ƙyar. Na ce akwai wata da ba ta ji sosai da kunnen hagu, sai an ajiye ta ta hannun da za ta juyo da na dama. Akwai wasu tagwaye da in aka raba su ɗayan ba ya buɗe baki. Akwai mai rubutu da hagu, kada a doke hannunta, ta fi kowa iya zana baƙi. Akwai uku da Zabarmanci suke yi a gida, sai an haɗa su da wadda ke jin harsunan biyu. Akwai mai makara kullum, ba wasa take tsayawa ba, kakarta makauniya take kai wa fura. Ina magana tana rubutawa, ni kuma ina ganin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya a gilashin motar, kamar suna tafe tare da mu.

Da na gama ta rufe kayen. Ta ce, "Yarinyar nan mai kunne, ni na miƙa wa uwarta alli na hwarko a lakwal ɗin ga. Gidansu nake wucewa kullum. Ban san ba ta ji ba sai yau."



A Filinge da kanta ta raka ni tasha. Ta tsaya har aka ɗaure akwatina a saman motar Yamai, ta yi mini addu'a, ta ce in gaida mahaifiyata. Sannan ta ce motar ƙauye bayan la'asar take komawa, ta shige kasuwa da kwandonta.

Motar Yamai ba ta cika da wuri ba. Na jingina kai da taga, zafi ya sa na fara gyangyaɗi, hayaniyar tasha tana zuwa tana komawa kamar daga cikin ruwa. Tsakanin barci da ido biyu na riƙa ganin ajin karan nan gobe da safe, yara sun shigo sun zauna, kowa na duban ƙofa. Na tuna ban gaya wa darakta cewa yarinyar da ta yi fitsarin ba ta zo ba tun ranar, kuma gidansu na can ƙarshen gari. Na ce a raina bari in je in gaya mata wannan kaɗai in dawo. Haka na yaudari kaina har na sauko, har na tsaya ina roƙon ɗan kamasho ya kwance mini akwati, shi kuma yana mita yana cewa matan lakwal ba su san abin da suke so ba. Gaskiyarsa ce.

Na samu darakta a motar ƙauye, ta ajiye kwandon a kujerar da ke kusa da ita. Ta ɗauke shi ba tare da ta dube ni ba.

Na ce, "Inna, akwai wadda na manta ban faɗa miki ba."

Ta ce, "Gobe sai mu tahi gidansu tare."

Muka je kuwa. Yarinyar ta dawo. Daga nan kullum bayan an tashi ni da darakta mukan zauna a inuwar gawo mu shirya darasin gobe tare. Ta koya mini in fara da Hausa in bi da faransanci a hankali, in rage murya maimakon in ɗaga ta. Ta ce ni ma in riƙa shiga nata ajin ina gaya mata abin da na gani. A can na ga ita ma darasi kan ƙi mata, ta yi dariya ta sake shi washegari. Kayen nan kuwa, da ta ba ni na karanta, yawancinsa abubuwan da na yi daidai ne. Shekara shida na yi a ƙauyen.

Yanzu ni ake turo wa sababbin malamai, kuma na gane ba zafi ko ajin kara ke korar yawancinsu ba. Mutum yakan gudu ne idan ya ɗauka aikinsa bai kai ko'ina ba, kuma babu na kusa da zai nuna masa inda ya kai. Ni na yi sa'a na samu wadda ta nuna mini, kuma ba ta kunyata ni ba.

Ta daɗe da yin ritaya. Nakan ziyarce ta in an yi hutu, mu zauna a zaure tana tsintar wake, muna hirar ruwan bana. Sau da yawa na so in yi mata godiya yadda ya kamata, har nakan tsara kalmomin tun daga hanya. Amma da na fara sai ta kaɗa hannu ta ce, "Bari wanga zance. Gaya mini, sabuwar da aka aiko miki bana, tana cin abinci kuwa?"