Layi Ɗaya da Tsohon Tafintansa

Haihuwa da Karatu

An haifi mutumin da ma'aikatan ofishin auna ruwa suka sani da laƙabin Layi Ɗaya a shekarar 1952, a wani gari na bakin kogi, a gida na uku daga gada. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa masaƙiya. Ya shiga firamare a 1959, ya kammala sakandare a 1970. A lissafi kaɗai ya yi fice, kuma ko a nan malaminsa ya sha rage masa maki, domin yakan rubuta amsa daidai ba tare da ya nuna hanyar da ya bi ba.

Aiki da Aure

A 1972 aka ɗauke shi aiki. Safe da yamma yakan sauka matakala talatin zuwa bakin ruwa, ya duba inda kogi ya kai a jikin sandar awo, ya rubuta. Daga baya aka damƙa masa lambobin awon ruwa na tashoshi goma sha ɗaya. Da su ake sanin ranar da za a gargaɗi mutanen ƙasan kogi su kwashe dabbobinsu. Da fensir yake aikin, kuma lissafin shekara guda yakan ci masa mako shida. A 1977 ya auri 'yar maƙwabcinsu, tela, Allah ya ba su 'ya'ya biyar.

Zuwan Tafinta

A 1994 aka kawo kwamfuta ofis, aka lulluɓe ta da zane don babu wanda ya san abin yi da ita. Wani injiniya da ya zo aikin wata uku ya bar masa ƙaramin faifai ɗauke da manhaja wadda suka riƙa kira tafinta, domin ita ke fassara wa kwamfuta umarnin da mutum ya rubuta. Waɗanda suka ƙirƙira ta sun sake ta kyauta tare da asalin rubutunta, kowa na da izinin kwafa da gyara.

Amfaninta kuwa shi ne, ba ta ɗaukar lamba ɗai-ɗai. Jeri sukutum ake ba ta, ko jadawali gaba ɗaya, a ce ta tara, ko ta jera, ko ta tsamo mafi girma, ta yi nan take. Umarninta da alamomi ake rubuta shi, waɗanda babu su a jikin madannai, sai Layi Ɗaya ya zana su a guntayen takarda ya manna a kai da gam. Cikin shekara guda, aikin mako shida ya koma layi ɗaya na umarni, shi ne mafarin laƙabinsa. Matarsa takan ce, “Baban yara, kai da tafintan nan halinku ɗaya. A yi muku tambaya goma, ku ba da amsa guda.”

Shekarar Jarrabawa

A 2007, saura wata takwas ya yi ritaya, aka turo sabon shugaba. Ya duba layuka ɗari biyu da arba'in da Layi Ɗaya ya rubuta cikin shekara goma sha uku, bai ga kalmar bayani ko ɗaya a ƙarƙashinsu ba.

“Baba, ban raina aikinka ba,” in ji shugaban. “Amma abin da kai kaɗai ke iya karantawa, ranar da mura ta kwantar da kai, ofis ma ya kwanta. Wata shida na ba ka. In wani ya iya gyara shi ba ka cikin ɗakin, za mu riƙe. In ba haka ba, mu share.”

Layi Ɗaya ya ce mako biyu ya ishe shi. Da ya zauna, sai ya tarar akwai layukan 1997 waɗanda shi kansa ya kasa gane su. Mako uku ya yi yana ɓoye wannan al'amari, yana fita aiki fuska a murtuke, har babbar 'yarsa, malamar lissafi, ta same shi a falo da takardu barbaje a kan teburin ɗinkin uwarta.

“Baba, wannan layin me yake yi?”

“Aiki yake yi.”

“Wane aiki?”

Ya kalli takardar, ya ce, “Wanda ya rubuta wannan yana da kai, amma ba shi da tausayi.”

Daga ranar, duk yamma in ta taso daga makaranta, sukan warware layi biyu ko uku, yana faɗa tana rubutawa. In ya ce abu a fili yake, takan ajiye biro har sai ya bayyana. Bayanin ya cika littafi uku.

Ran 12 ga Nuwamba aka fara gwajin. Shugaban ya zaɓi mai buga takardun ofis, wadda ta shekara ashirin tana zaune daura da Layi Ɗaya ba ta taɓa taɓa tafinta ba, ya ba ta littattafan da kwana biyar, ya ce ta ƙara sabuwar tasha a lissafin. A rana ta biyar Layi Ɗaya ya zauna a benci a baranda. Kafin azahar ta leƙo ta ce, “Yaya, sabuwar tashar ta fito. Kuma a layi na tamanin ka manta da shekara mai kwana ɗari uku da sittin da shida. Na gyara.” Ya ce bai manta ba, sannan ya shiga ya duba, ya fito ya ce ya manta. Aka riƙe tafinta.

Ƙarshen Rayuwa

Ya yi ritaya a 2008. Ya shafe sauran shekarunsa yana koyar da tafinta kyauta a falonsa, kuma duk wanda ya kawo layi babu bayani, yakan mayar masa da takardarsa ba tare da ya duba ba.

Ya rasu ranar Talata, 9 ga Maris, 2021, yana da shekara sittin da tara, bayan jinyar kwana huɗu. An yi jana'izarsa da la'asar, aka binne shi a maƙabartar da ke kan tudu, kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: malamar lissafi, da direban babbar mota, da ma'aikaciyar jinya, da kafinta, da autarsu mai ɗinki, sai jikoki goma sha huɗu. Tsohon tafintan yana nan yana aiki a hannun mai buga takardu, tashoshi sun kai goma sha tara. Allah ya jiƙansa.