Ba Giya Ce Ta Kayar da Ishaya Ba

Tsakiyar damina ce, lokacin marka, dawa ta kai ƙirjin mutum. Shekarar ruwa ya yi yawa, duwatsun Zuru kullum a jiƙe, wanki ba ya bushewa a kan igiya, ni kuma ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. A cikin wannan markar ɗana Ishaya ya rasu. Bana shekara bakwai ke nan.

Wanda ya san shi yana saurayi ya san ɗan kokawa ne. In an gama girbi aka fita fili, sai a yi ta turo masa samari, babu mai iya raba ƙafarsa da ƙasa. Yakan hau gonarmu ta kan dutse da damin dawa a kafaɗa yana waƙa. Daga baya ya shiga soja kamar yawancin yaran unguwarmu, aka tura su arewa maso gabas. Can bam ya tashi kusa da motarsu. Da aka sallame shi ya dawo gida, na duba jikinsa daga sama har ƙasa ban ga tabo ba, na durƙusa na gode wa Allah.

Sai dai tafiyarsa ta canza. Yana buɗe ƙafafu, yana dafa bango, in ya juya kai da sauri sai ya yi tangaɗi. A garinmu kuwa, in aka ga namiji yana tangaɗi, ba a tambaya. An san rumfunan burkutu, an san yadda wasu tsofaffin sojoji ke ƙarewa a cikinsu. Kafin wata ya zagayo, yara sun fara kwaikwayon tafiyarsa a bayansa.

Abin da ya fi yi masa ciwo a coci ya faru. Shi ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Wata Lahadi aka ce a miƙe a rufe ido a yi addu'a. Yana rufe ido sai ya tafi gaba ɗaya, ya faɗa kan benci, ganga ta gangara har gaban fasto. Dattawa suka zauna a kansa, suka ce ya ajiye gangar sai ya tuba. Ya ce musu, "Ku shinshina bakina mana." Wani ya ce ai masu sha sun san ganyen da suke taunawa. Ni na san abin da ke shiga cikinsa, don a tukunyata yake ci. Na faɗa, aka ce uwa ce.

Ranar da ya rasu, da hantsi ya tafi gona. Da yake dawowa ya zame a gangaren dutse, kansa ya bugu. Hanya ce da mutane ke bi. Sun gan shi kwance a gefe, ruwa na dukansa, suka ce a bar shi, in giya ta sake shi zai tashi. Sai la'asar wata mata mai itace ta taɓa shi ta ji sanyi. Ba na kiran sunan kowa. Da wasunsu muke zama benci ɗaya har yau.

Ya bar mini ɗiya ɗaya, Rifkatu. Uwarta ta sake aure a Dirin Daji, yarinyar tana hannuna. Bara ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata ta ce, "Kaka, gaskiya ne Babana a buge ya mutu?" Na ce ƙarya ne. Ta dube ni ta ce, "Ke dole ki ce haka, ɗanki ne." Tun daga ranar ta sauke hotonsa daga bango ta sa a ƙarƙashin tabarma. In aka kira ta Rifkatu Ishaya ba ta waiwayawa. Mutuwarsa na haƙura da ita, amma wannan na kasa.

Watan jiya jiri ya dame ni, na je asibiti. Aka tura ni wajen wata yarinya mai aikin gashin ƙashi, wadda ta zo da wata 'yar na'ura daga jami'a. Abin bai fi kwalin ashana ba. Ana ɗaura shi a ƙugu da ɗamara, yana jin duk motsin jiki, har wanda ido ba ya gani, yana aika wa wayarta. Wani zane kamar zare ke fitowa a wayar: in mutum ya tsaya daidai, zaren yakan kwanta shiru. In jiki na neman faɗuwa, sai zaren ya yi ta hawa da sauka.

Wanda ke gabana a layi wani tsohon soja ne daga Rikoto, Malam Bitrus. Da aka kira shi ya tashi, na bi tafiyarsa da kallo. Buɗe ƙafafun nan, dafa bangon nan, duk na Ishaya ne. Yarinyar ta ɗaura masa abin, ya tsaya ido buɗe, zaren na ɗan rawa. Sai ta ce, "Baba, rufe idonka." Yana rufewa zaren ya haukace, shi kuma ya tafi gaba, ta tare shi da kafaɗa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, rubuta wa matata cewa ko kunun zaƙi ban sha ba."

Ta ce masa a can cikin kunne akwai wurin da ke faɗa wa jiki inda sama take da inda ƙasa take. Ƙarar bam na iya lalata shi ba tare da ta bar tabo a waje ba. Mai irin wannan da ido yake riƙe kansa, shi ya sa rufe ido ko ƙasa mai santsi ke kayar da shi. Ta ce akwai motsa jikin da ake koya musu, da yawa suna samun sauƙi.

Da layi ya zo kaina, ta ɗaura mini, ta ce, "Mama, me ya sa kike kuka? Ba ya ciwo." Na ce, "Ɗiyata, abin nan zai iya auna wanda ya riga ya mutu?" Ta ce a'a, Mama.

Na dawo gida ina tunanin me Ishaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san shi, dariya zai fara yi. Zai ce, "Mama, ke kin yi rantsuwa an ƙi, ni na buɗe baki an ƙi, ashe kwalin ashana ake jira." Sannan zai tambayi inda aka ajiye gangarsa. Da abin ya zo da wuri, da dattawa sun ga zaren nan da idonsu. Da masu wucewa sun tsaya.

Ban ce na'ura ta wanke shi ba, don ba ta taɓa jikinsa ba. Gonar dutse tana nan, wani ke nomawa. Gangar ta tsage an sake mata fata. Abin da ya rage na Ishaya a duniya shi ne yarinyar nan, da abin da za ta riƙa faɗa in aka tambaye ta wane ne ubanta.

Washegari da safe na ce Rifkatu ta sa takalmi. Muka taka zuwa Rikoto, muka yi sallama a gidan Malam Bitrus. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya miƙe ya ratsa tsakar gida yana dafa bango, ya tsaya a gabanta ya rufe ido. Da ya fara tafiya gaba, ita ce ta tare shi da hannu biyu.

Ta ce, "Kaka, haka Babana yake yi?"

Na ce, "Haka."

Ba ta sake shi ba sai da ta kai shi kan kujera.