Ranar da Muka Rufe Bakin Tele da Kwali

Ko tsufa ya kwashe mani komai daga kai, ba zai kwashe abin da ya faru a ɗan shagona na wasan bidiyo a Tasawa ba. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, ga daminar da ta wuce ta ci amanar manoma. Ni kuwa ina saurayi, na bar lakwal, wato makarantar boko, babu takardar komai, yayana na Maradi ya haɗa ni da tsohuwar tele da na'urar wasa da ɗan gurup, wato janareta, saboda ɗaukewar wuta, ya ce in nemi na kaina.

Wasan ƙwallo ke jawo yara, amma mu samari akwai wani wasa da ya kama mu kamar ciwo. Duniya ce bayan babban yaƙi, garuruwa sun zama kufai, ruwa ya fi zinariya wuya. Kai kaɗai kake yawo a cikinta, ka haɗu da mutane su yi maka magana, rubutu ya fito a ƙasan tele, ka zaɓi amsar da za ka ba su. Sai dai faifan wasan daga Kano ya zo, Ingilishi ne zalla, mu kuwa ɗan abin da muka tsinta a lakwal Faransanci ne.

A nan wani dattijon unguwarmu ya shigo cikin zancen, wanda kowa ke ce ma Kawu. Ya yi shekaru yana dako a bakin teku a Legas. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi ci-rani, gonarsa ta hanyar Mayahi ba ta ba shi abin kirki ba. Wata rana yana wucewa ya ji muna gardama kan abin da rubutu ya ce, sai ya leƙo ya ce a matsa mashi. Daga ranar ya zama tafintanmu. Muka kafa doka: duk mai son riƙe abin dannawa ya zo da ladan tafinta, ko ƙullin garin rogo, ko ƙosai, ko fura, mu zauna mu ci tare da azahar. Kowa ya san wannan ce cimarsa ta yini, shi ma ya san mun sani. Amma aiki yake yi, don haka yana cin abinsa kai a ɗage.

A cikin wasan akwai wata tsohuwa da ke zaune gindin tankin ruwa da ya rushe. Iya muke ce mata. Ta bakin Kawu, Iya ba ta barin ka wuce sai ta gaishe ka, ta tambayi mahaifiyarka. Ita ta koya ma jarumin wasan yadda ake jiƙa 'ya'yan anza har ɗacinsu ya fita, abin da a lokacin rabin ƙauyukanmu ke ci. In muka kashe mutum ba dalili, sai ta wanke mu tas. Ranar da ta ba da labarin yadda ta binne 'ya'yanta, wani ƙato mai gyaran babur ya fice waje, wai hayaƙin gurup ya shiga idonsa. Gurup ɗin ma a kashe yake.

Da labari ya zo an yi kashi na biyu, sai muka haukace. Ba mu da zance sai shi. Wannan ya ce Iya za ta samu rijiya, wancan ya ce ɗanta ɗaya bai mutu ba. Ni da bakina na yi rantsuwa cewa za a yi ruwan sama a ƙarshensa. Muka dami wani direban motar Yamai har ya kawo mana faifan, kuma na Faransanci. Murna ta rufe mani ido, ban ko tsaya na yi tunanin abin da hakan ke nufi ga Kawu ba.

Ranar da muka sa shi, shago ya cika har ƙofa. Abokina ɗan lise, wato ɗan sakandare, wanda ya fi mu Faransanci, shi ya zauna gaba yana karantawa. Hoto ya fi na da kyau, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ka tarar, magana ɗaya ce: je ka kashe wane, ka dawo in ba ka bindiga. Ba sallama, ba ina gajiya. Muka daure har muka iso tankin ruwa, sai ga Iya. Ɗan lise ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Wai in ba sayen harsashi ka zo ba, ka ba ta wuri."

Na ji kamar an mare ni. Mai gyaran babur ya ce wallahi Turawan nan ba su da mutunci, sun maida tsohuwar kirki 'yar kasuwar baƙin ciki. Muka yi ta zagin mutanen da ba mu taɓa gani ba. Da muka waiwaya, Kawu ya fita, ƙosansa na nan inda aka ajiye mashi.

Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Na aika mashi da fura, ya maido, ya ce ya ƙoshi. Jama'a suka ja baya, sabon faifan kuwa ko ganinsa ba na so. Wata safiya ɗan lise ya ce mu koma tsohon mu huce takaici. Yana latse-latsensa sai ya gano ashe ana iya juya harshensa zuwa Faransanci, mu ne ba mu sani ba. Muka ruga wajen Iya ta asali. Ya karanta, ya dube ni.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Harsashi take sayarwa. Tun farko."

Babu gaisuwa, babu anza, babu 'ya'yan da aka binne. Duk daga kan Kawu suka fito. Ɗan lise ya ce ashe ƙarya tsohon nan ke shara mana. Na ce, "To kai da ka karanta mana gaskiya, wa ya dawo ya ƙara ji?" Ya buɗe baki zai yi magana, sai dariya ta ƙwace mashi, ni ma ta ƙwace mani.

Na nufi gidan Kawu, maƙwabta suka ce ya ɗaure ƙunshinsa ya yi tasha. Gabana ya faɗi, don damina ta kusa, in ya tafi babu mai shuka mashi gona, kuma a shekarunsa ban ga wanda zai ɗauke shi dako ba. Na same shi a inuwar wata babbar mota mai shirin zuwa Jibiya ta Najeriya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, mun gano."

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Ɗana, Ingilishina na 'yan dako ne. Ɗauka, aje, yi sauri. Na ga kun zuba ma tsohuwa ido kuna jiran magana, mi zan ce muku? Na ba ta bakin uwata."

"To ka dawo."

"In yi mi? Kun samu mai karatu. Ni ba ni cin abinci inda ba ni da aiki."

Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar kawai, in abin da ya gani bai yi mashi ba, ni zan raka shi mota. Na koma da gudu. Muka yanki kwalin sabulu muka manna a ƙasan tele daidai inda rubutu ke fitowa, muka sa sabon faifan, muka kashe murya gaba ɗaya. Mai gyaran babur ya zaga unguwa yana kiran mutane.

Kawu ya shigo da ƙunshinsa a hammata, ya tsaya ya daɗe yana kallon kwalin. Ɗan lise ya tashi daga kujerar gaba, ya karkaɗe ta, ya ce, "Kawu, wannan Faransancin ya fi ƙarfina." Na tura jarumin har gindin tanki, tsohuwa ta ɗago kai tana motsa baki. Kawu ya ajiye ƙunshi, ya zauna, ya gyara murya.

"Ta ce, kai ne? Ka rame, ɗana. Ta ce kada ka ga laihinta da ta kore ka rannan, yunwa ce, ita ka sa mutum faɗin abin da ba ya nuhi."

Shagon ya kaure da sowa har masu shayi na bakin titi suka taso. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan la'asar ba, kuma ba na jin kunyar cewa na yi hawaye. Kashi na biyun da muka tsine ma ya zama wasan da ya fi kowane tara jama'a. Ranar kasuwa har 'yan Kanan Bakashe ke tsayawa su ji abin da Iya ta ce. Kawu bai hau motar Jibiya ba. Da ruwa ya sauka ya shuka gonarsa, mu muka yi mashi noman farko, da kaka kuma ya cika rumbunsa.

Yau in na ji samari suna kumfar baki a waya wai sabon kashi bai kai tsohon ba, sai in yi murmushi, don na yi wanda ya fi nasu. Abin da na koya shi ne, in abu ya yi maka daɗi, ka tsaya ka binciki hannun da daɗin ya fito. Mu mun ɓata watanni muna jiran mutanen da ke bayan teku, alhali mai ba mu abin yana zaune kusa da mu da yunwa a cikinsa, kuma saura kaɗan mu bar shi ya hau mota.