Ranar da Inna ta shiga kala a gonar Bature

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana New York waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma safiyar da muka nemi mahaifiyata muka rasa a bakin teku, wannan kam ko tsufa ya ci ni ba za ta fita daga raina ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna zaune a unguwar Soundview ni da maigidana. Inna ta zo ne daga ƙauyenmu don a cire mata yanar ido. An yi wa ido ɗaya aiki, ya yi kyau, likita ya ce a ɗan jira kafin a yi na biyun. A cikin jiran nan ne ta juya mana. Ba abin da ta rasa, abinci a gabanta, magani a jere, amma sai ta wuni a kujera ɗaya tana kallon bangon gidan da ke fuskantar tagarmu. Ran nan ta kira ni ta ce, "Ki sa a nema mini jirgi. Ido ɗaya ya ishe ni abin da ya rage." Ni kuwa na san in ta tafi ba dawowa za ta yi ba, kuma ɗaya idon rufewa zai yi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi, ko gezau.

Maigidana yana aiki a filin jirgi ta wajen unguwar Jamaica a nan New York, kuma wani abokin aikinsa yana da irin motar nan da Turawa ke yawon shaƙatawa da ita, mai gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Shi ya kawo shawarar ya aro ta mu fita da Inna ta ga gari. Na ce masa matar da ta ƙi saukowa daga bene ce za ta kwana a mota? Ya ce mu dai gwada. Ranar da ya kawo motar, Inna ta sauko da ƙyar, ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa jikinta, ta leƙa ciki, sannan ta ce, "Wato Fulanin ƙasar nan a kan taya suke ɗora rugarsu." Ba wanda ya ce mata shiga, da kanta ta hau.

Lokacin kaka ne. Muka miƙa gabas cikin Long Island, muka yi ta tafiya har dogayen gine-gine suka ƙare, aka shiga ƙananan garuruwa na manoma da masunta. Tun daga nan Inna ta manne da taga, bakinta ya buɗe kamar an kunna rediyo. Me ya sa kowane gida aka ajiye kabewa a ƙofa, kuma ba wanda ya yanka ta ya yi miya? Wa ya sa wa dokin can bargo? Wannan uban inabi wa zai shanye shi? Da maigidana ya ce yawanci giya ake yi da shi, ta ce Allah ya shirye su, amma gonar dai ta sha gyara. A wani garin masunta muka tsaya inda jiragen ruwa ke sauke kamu, ta leƙa cikin wani bokiti mai cike da ƙaguwa, ta ja da baya ta ce waɗannan ai ƙwari ne, a nuna mata kifi na gaskiya. Tambayar da ta fi maimaitawa kuwa ita ce, "Ina mutanen?" Ga gonaki iya ganinka, ba ko mutum ɗaya a duƙe. Rabin tambayoyinta ni kaina ban san amsarsu ba, don duk daɗewata a ƙasar, hanyar asibiti da ta kasuwa kawai na sani.

Da la'asar muka sauka a wani fili da aka tanada don irin waɗannan motoci. Gabanmu teku, bayanmu wata ƙatuwar gonar dankalin Turawa da inji ya riga ya tone.

Washegari bayan sallar asuba na koma na ɗan kishingiɗa. Ko da na farka, ba Inna. Takalminta ba ya nan, tukunyarmu ma ba ta nan. Mace ba ta jin Turanci, ba waya a hannunta, ido ɗaya, ga teku! Na fita da gudu ba ko mayafi ina ƙwala mata kira a bakin ruwa. Maigidana ne ya hau tsanin da ke bayan motar ya duba, ya ce, "Ga ta can cikin gona."

Mun same ta a duƙe, ta ɗaure ƙugu da gyale, ta cika tukunya, ta tara wani tsibi a gefe. Na ce, "Inna! Me kike yi a nan?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kala nake yi mana. Ba ki ga an gama tono ba?" A garinmu haka abin yake. Da zarar mai gona ya kwashe amfaninsa, abin da ya saura a ƙasa na tsofaffi ne da marasa hali, kowa ya shiga ya tsinta, ba sai ya nemi izini ba. Allon da aka kafa a bakin gonar, mai cewa kada kowa ya shiga, a wurinta ado ne.

Maigidana ya rusuna ya ce, "Inna, ku yi haƙuri ku fito. Nan private property ne, ba a shiga sai da izinin mai shi. In mai wurin ya kira police, visa ɗinku ce za ta samu matsala, aikin idon ma shi ke nan." Bai rufe baki ba muka hango motar a-kori-kura tana nufo mu.

Wani dattijon Bature ne ya fito, fuska ja wur, da karensa. Ya fara faɗa, ko ba mu ga allo ba, yau inji zai shigo ya kife ƙasar, in ya take ta wa za a kama? Ni kuwa ina ta ba da haƙuri ina ƙoƙarin juye tukunyar. Inna ta riƙe hannuna. Ta matsa gabansa ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da aiki, maigida. Barka da kaka, Allah ya sa albarka." Ta dube ni ta ce in faɗa masa. Na faɗa. Sai ta ƙara da cewa, "Tambaye shi, garin nan ba tsofaffi ne, ba marayu, da za a binne abinci?" Na ce Inna wannan ba ta faɗuwa. Ta ce in faɗa masa yadda ta faɗa. Na faɗa, amma fa na rage mata yaji.

Ya cire hula ya sosa kai. Can ya ce lokacin yana yaro mata na zuwa da buhuna bayan an gama tono, kakarsa har ruwan sha take kai musu. Yanzu ba mai zuwa, kuma masu inshora ba sa yarda. Ƙananan dankalin kuwa kantuna ba sa karɓa. Sai ya tambaya me ake nomawa a garinsu. To, nan fa aka ɓalle. Gero da gyaɗa, yaushe ruwa ke sauka, me ake yi wa tsutsa. Inna ta dumbuzi ƙasa ta murza ta ce wannan jigawa ce, gyaɗa za ta yi. Ya ce sanyi na saurin shigowa. Ta ce ya dai gwada. Ni ce tafinta har maƙogwarona ya bushe, maigidana kuwa yana gefe yana sa ido a kan kare. A ƙarshe dattijon ya ɗauko buhuna daga motarsa, ya ce injin sai bayan azahar zai zo, ta tsinta, shi zai tsaya a wurin don kada wani ya yi magana. Kafin a jima shi ma ya duƙa.

Ranar Inna ta kore ni daga ɗan kicin ɗin motar, ta yi mana faten dankali, ta zuba wani a kwano ta sa maigidana ya kai wa mai gona. Tun zuwanta ƙasar, ranar na fara cin abincin hannunta. Ta zauna tana kallonmu muna ci, ita ko cokali ba ta ɗauka ba tukuna.

A hanyar dawowa buhuna sun cika banɗakin motar, ita kuma tana ta rabo da baki, wannan na maƙwabciyarmu 'yar Nijar, wancan na matar Gana da ke kawo mata koko. Ta ce, "Na zo garin mutane ina ta cin nasu, ban taɓa aika wa kowa ko ƙwayar gyaɗa ba. Kunya ta hana ni sakat." Muna dab da shiga gari ta taɓa kafaɗata ta ce, "Shi likitan nan, yaushe ya ce a koma? Abubuwa da yawa sun wuce ni ta gefen nan da ba na gani."

An yi aikin, ta koma gida da idanunta biyu. Abin da na koya kuwa shi ne, wanda ya saba ciyar da mutane da hannunsa, ko aljannar duniya ka ajiye shi, in babu abin da zai miƙa wa wani, ba zai zauna ba.