Tarin Fuka da Kuɗin Retiret Ɗina

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokai da ke bibiyata a nan.

Fiye da shekara arba'in ban buɗe baki kan wannan magana ba. Ko 'ya'yana guntu-guntu suka sani. A zamaninmu tarin fuka abin ɓoyewa ne. Amma makon jiya na ga wani maƙwabcinmu yana tari yana dunƙule hankici a tafin hannu, sai na kasa zama.

Lokacin mulkin Shugaba Ahijo ne. Ina gyaran injina a wani kamfanin gurzar auduga a nan Garwa, muna zaune a unguwar Pumpumre da matata Hadiza da yara biyu.

Tari ya fara. Na ce ƙurar auduga ce.

Sai zazzaɓin yamma, sai gumi ya riƙa jiƙa mini riga. Wandona ya daina tsayawa a ƙugu. Na sha saiwoyi, na sha zuma da tafarnuwa. Ranar da na tofar da jini a bayan injin, sai na nufi asibiti.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi majina. Likitan mutumin kudu ne, Faransanci kawai yake yi. Ya ɗaga hoton ya nuna mini wani farin tabo, ya ce, "Ana warkewa. Amma wanda ya gudu a tsakiyar magani, shi muke binnewa."

Aka ba ni gado a ɗakin masu tari, can ƙarshen asibitin. Kullum da safe allura a ɗuwawu, sai ƙwayoyi cike da hannu, sai awon nauyi ranar Litinin. Allurar ta sa kunnena ƙara kamar injin da bel ɗinsa ya saki. In na miƙe, ƙasa ta juya.

Bayan 'yan watanni aka rage mini albashi. Ga hoto ana biya, ga madara da ƙwai da likita ya ce dole, ga haya. Hadiza ta sayar da tasoshinta ba ta gaya mini ba.

A nan maganar retiret ta shigo, wato kuɗin da ake yanka a albashinmu kowane wata don ranar tsufa.

Yayana Garba mahauci ne a babbar kasuwa. Kullum yana kawo mini romo da hanta. Wata rana ya ajiye kwanon ya ce, "Isa, ka ajiye aikin nan ka karɓo kuɗinka. Mu je garin Gider mu sayi bijimai biyu, in kiwata maka."

Na ce, "Yaya, an ce na tsufa ne."

Ya ce, "Wa ya ba ka tsufan? Kuɗin da ba ka taɓa gani da idonka ba, naka ne?"

Na fara tambaya. Akawun kamfani ya ce in na ajiye aiki za a ba ni duka. Wani abokin aiki ya rantse kasona kawai za a ba ni, kason da kamfani ke ƙarawa ya tafi. Wani ya ce ko dala ba ta fita sai na tsufa, wani kuma ya ce kuɗin suna Yawunde an gina benaye da su. Kowa da tasa, kowa kuma da rantsuwa.

Gadon da ke kusa da nawa na wani Bafulatani ne mai gadi, Buba. Kullum in na dame shi da zancen sai ya ce, "Munyal, Isa," wato haƙuri. Shi saura kaɗan ya fara karɓar nasa retiret ɗin. Wata Laraba ya rasu, aka naɗe katifarsa.

Daga ranar na kasa kwanciya wuri ɗaya. In zauna, in tashi, in leƙa taga. Na ce gaskiyar Yaya ce.

Na saci jiki daga asibiti na tafi ofishin kamfani don in sa hannu. Ban kai gaban tebur ba jiri ya kayar da ni a layi. A bayan motar auduga aka mayar da ni.

Hadiza ta zo, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, rabon gado kake yi da ranka? In ka karɓo kuɗin nan, ka gaya wa yaranka ba ka sa ran tashi. Ni ina sa rai."

Daga nan na bar maganar ajiye aiki.

Da likita ya ji abin da na yi, ya yi faɗa sosai. Ya ce, "Mai zazzaɓi ba ya yanke shawarar rayuwa. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?" Ya rubuta wa kamfani shaidar jinya, aka riƙe mini gurbina.

Yaya ya yi fushi, ya daina yi mini magana. Romo dai bai daina zuwa ba.

A hankali nauyi ya dawo. Majina ta fita da tsabta, aka sake gwadawa, ta sake fita da tsabta. Aka sallame ni, na ci gaba da ƙwayoyi a gida har sama da shekara. Kunnena na hagu bai dawo ba har yau.

Na koma aiki, na tsufa a ciki. Retiret ɗin ba yawa, wani lokaci ma sai an yi ta sintiri kafin ya fito. Ba zan ce muku Yaya bai da hujja ba. Buba bai ci nasa ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hadiza, da Yaya Garba, Allah Ya jiƙansa, da ma'aikatan jinyar da suka riƙa shiga ɗakin da dangi ma ke tsayawa a ƙofa.

Shawarata: tari in ya ƙi tafiya, a je a gwada, kada a ɓoye. In an fara magani a ƙarasa, ko an ji sauƙi. Maganar kuɗin tsufa kuma, a tambayi ofishin da ke riƙe da su kai tsaye, a tafi da wanda ya iya karatu, ba a bakin masu ziyara ba.

Kuma kada ka sa hannu a komai ranar da aka fitar da gawa kusa da kai. Ka jira ka ci abinci, ka ga fuskar iyalinka tukuna.